Ya Kulle Ni Saboda Mutumin Da Na Ƙirƙira A Labari

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina bin wannan shafi, ina karanta abin da ya sami wasu ina jinjina kai, ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan zauna in zuba nawa ba. Ina roƙon a sakaya sunana, ni ma ba zan ambaci na kowa ba, domin duk waɗanda abin ya shafa suna raye, kuma akwai 'ya a tsakani.

Ni haifaffiyar Safana ce. Mahaifina tsohon malamin firamare ne, mahaifiyata kuma man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi a gida. A lokacin da wannan abu ya faro, ni yarinya ce mai rawar kai da yawan dariya, na gama sakandare, ba ni da aiki sai karatun littattafan Hausa. Wanke-wanke a gabana, littafi a cinyata. Allah kaɗai ya san sau nawa tuwo ya kama a tukunya ina can wata duniyar. Da na sami waya sai na fara rubuta nawa, ina turawa shafi-shafi a zaurukan mata na waya. Ba wani abu nake samu ba, amma in na tashi da safe na tarar da saƙonni ana ta roƙon in ci gaba, sai in wuni ina jin kaina a sama.

A bikin wata 'yar'uwa a Batsari na haɗu da wanda ya zama mijina. Ɗan kasuwar hatsi ne, yana bin ƙauyuka yana sayen gero da wake da gyaɗa, ya loda a a-kori-kura ya kai birni. Ba wanda ya tilasta mini, ni na ce na ji na gani. Mutum ne mai kunya, mai kyauta, ba ya ɗaga murya. In ya zo zance yakan ce in karanta masa abin da na rubuta, ya yi ta dariya yana cewa in mun yi aure da kuɗinsa za a buga mini littafi. Abu ɗaya na lura da shi: in ɗan baffana ya wuce muka gaisa, sai ya yi shiru, hirar ta mutu ke nan. Ni kuwa daɗi nake ji. Ƙawayena ma cewa suke na dace, na sami mai sona irin na cikin littafi.

Farkon zamanmu lafiya lau. Gidanmu ɗan madaidaici ne a wata unguwa a Batsari, ɗaki biyu da tsakar gida, da taga mai kallon lungu. Ina zuwa Safana, ina zuwa suna da biki, ina rubutuna. Allah ya ba mu 'ya mace. Ina cikin goyon nan ne na fara labarin da ya jawo mini komai. Ina da goggo a Karare, yayar mahaifina, wadda aka aurar gidan da mace ba ta leƙa ko zaure. Ta taɓa gaya mini cewa a shekarun nan da kunne take sanin duniya: in ta ji kukan jakuna da asuba ta san ranar kasuwa ce, in ta ji lugude ta san an shiga kaka. Wannan magana ta zauna mini, sai na gina labari a kanta. Don ya yi armashi na ƙara wani mutum da babu shi, mai kawo ruwa a kan jaki. Kullum zai yi sallama daga zaure, ya sauke ruwa, ya faɗi magana ɗaya ta labarin gari, kamar an yi ruwa a yamma ko rafi ya kawo, ya tafi. Matar ba ta taɓa ganin fuskarsa ba, ƙafafunsa kawai take hangowa ta ƙarƙashin asabari, da babban yatsansa mai tsagaggen farce. Wannan magana ɗaya take jira kullum. Iyakar abin ke nan, wallahi ba su taɓa ko haɗa ido ba.

Labarin ya karɓu fiye da yadda na zata. Mata suka yi ta turo mini cewa rayuwarsu na rubuta, wasu kuma suka ce ina zuga matan aure. Sai wata baiwar Allah mai daɗin murya ta karanta shi ta naɗa, ya dinga yawo daga waya zuwa waya, har maza suka fara saurare a shaguna da tasha. Mutane sun san ni ce marubuciyar, don shi kansa maigidan ya sha yin alfahari da ni a gabansu. Wata ranar kasuwa yana tsaye ana auna masa gero, sai wani abokinsa ya ɗaga murya a cikin mutane ya ce masa: “Alhaji, a dai riƙa duba ƙafar masu kawo ruwa.” Aka kwashe da dariya. Su a wajensu wasa ne, sun manta kafin a tashi kasuwa. Shi kuwa da maganar ya shigo gida.

Ranar bai taɓa abincin da na aje masa ba. Ya zaunar da ni, ya tambaye ni a ina na ga ƙafa mai irin wannan farce. Na ɗauka zolaya ce, na yi dariya har da riƙe ciki. Daga baya na gane dariyar nan ta fi komai ƙona shi. Ya ce ba mai siffanta abin da bai gani ba, kuma ba macen da za ta rubuta jiran wani namiji haka dalla-dalla sai wadda ta taɓa jira. Na rantse masa, na ce ya shirya mu je Karare ya ji daga bakin goggo. Ya ce goggo jinina ce, dole ta rufa mini asiri.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa a hankali, ta yadda kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai ba zai kai a yi ƙara ba. Ɗan ga-ruwan da ke kawo mana ruwa, bawan Allah mai iyali wanda ko sunansa ban sani ba, ya sallame shi, ya koma ɗauko jarkoki da kansa a kan babur. Da bakinsa ya gaya mini cewa ko a masallaci in an yi sahu, ƙafafun mutane yake bi da kallo. Sai ya ce telan da ke bakin lungu yana yawan kallon tagarmu, ya kira magini aka toshe ta da bulo. Aka ƙara wa katanga tsawo. Lokacin kuwa ana fama da tsoron 'yan bindiga, kowa yana ɗaga katangarsa, sai mutane suka yi ta yaba masa cewa mutum ne mai kula da iyali. Ya karɓe wayata, wai zai kai gyara, ba ta dawo ba. Littattafaina da na taho da su tun daga gida ya tattara a buhu ya kai wa mai ƙosai tana naɗe wa mutane. Ƙarshe ya sayo kwaɗo. In zai fita sai ya ja ƙyauren ƙarfen ƙofar gida ya datse daga waje, ya ce don tsaronmu ne ni da yarinya.

Abin da ya sa na kasa kai ƙara shi ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Nama ba ya yankewa a gidan, atamfa kuwa har wadda ban ɗinka ba tana cikin akwati. Wani lokaci ya zauna a gabana yana hawaye, yana cewa son da yake yi mini ne ke neman kashe shi, in dai zan faɗa masa ko wane ne, zai yafe, magana ta wuce. To wa zan faɗa? Yakan dawo da rana tsaka ba zato, ya buɗe a hankali, ya tsaya yana duba ƙasar tsakar gida ko zai ga sawun da ba namu ba. Da mahaifiyata ta zo, ranar ya bar ƙofa a buɗe, ya cika ta da hidima. Na ɗan fara yi mata zancen, ta dubi buhunan shinkafa da kajin da aka yanka mata, ta ce in yi haƙuri in gode wa Allah, mata nawa ke neman irin wannan rufin asiri. Ban faɗa mata maganar kwaɗo ba. Kunya nake ji a ce ni da na zaɓo shi da kaina, ni da nake rubuta wa mata labarin kulle, ni ce ake datsewa.

A zaman nan ne na san wani abu game da kaina da ban sani ba. Katangarmu ɗaya da wani gida na masu ƙaramin ƙarfi, wata tsohuwa da surukarta da jikoki. Da kaka sukan fita sussuka ko ɓarar gyaɗa a gidajen mutane, su dawo da yamma a gajiye, suna hira suna shewa. Wallahi, Edita, shewar nan kamar ana zuba mini garwashi. Ni da ke da katifa da fanka, na koma ina kishin matan da ƙafarsu ta sha kaushi. In Bafullatana ta wuce tana tallan nono, sai in tsaya ina bin muryarta da kunne har ta ɓace, ina tambayar kaina me ta fi ni da shi. Kazar maƙwabta in ta tashi ta sauka kan katanga, ta dubi gidanmu ta koma, har ita ina jin haushinta. A da tsohuwar takan ɗaga murya ta gaishe ni ta bayan katanga, sai na daina amsawa, don gani nake dariya suke yi mini. Ƙanwata ta sami gurbin karatu a kwaleji, ta zo wata safiya kafin maigidan ya fita, da murnarta ta gaya mini. Maimakon in rungume ta, sai na hau kushe hijabinta da tafiyarta, na ce ai karatun 'yan mata yawo ne, har ta tafi tana share hawaye. Bayan an datse ƙofa na zauna na yi kukan da ya fi nata. A labarina na rubuta matar tana zaune cikin natsuwa tana kallon yadda rana ke tafiya a jikin bango, masu karatu suna ta cewa wurin ya yi daɗi. Ashe ban san komai ba. Kulle irin wannan ba natsuwa a cikinsa. Zuciya ce ke ruɓewa a hankali, har ka wayi gari kana baƙin cikin duk wanda ke da damar taka ƙafarsa a titi.

Ranar da abin ya kai ƙarshe, lokacin kaka ne, maigidan zai tafi Wagini sayen wake. Yarinyar, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta tashi da zazzaɓi. Na roƙe shi ya kai mu asibiti, ko ya bar ƙofar, ko ya bar mini waya. Ya taɓa goshinta ya ce in ba ta maganin da ke gida, zai dawo kafin la'asar. Na ji ƙarar kwaɗon, na ji tashin babur. Wajen azahar jikinta ya zama kamar wuta. Ina shafa mata ruwa sai na ga idanunta sun juye, haƙoranta sun datse, ta fara jijjiga a hannuna. Na ruga ƙofa ina duka da hannu, da ƙafa, da murfin tukunya, amma lungun shiru, duk maza suna gona. Na kifa turmi na hau, hannuna bai kai saman katangar ba saboda bulon da aka ƙara. Sai na buɗe baki na kira mutanen da na daɗe ban amsa gaisuwarsu ba.

Allah ya sa ranar ba su fita aiki ba. Tsohuwar ce ta amsa: “'Yata, lafiya?” Na ce mata yarinya za ta mutu, kuma a kulle muke. Ba ta ƙara tambayar komai ba. Can sai na ji gudu a lungu, na ji muryoyin mata. Surukarta ta zo da gatari, wata maƙwabciya ta zo da taɓarya, suka dinga sara suna duka, tsohuwar tana ta yi mini magana ta jikin ƙyaure, in kwantar da ita ta gefe, kada in ɗura mata komai a baki. Da mariƙin kwaɗon ya ɓalle, hasken waje ya doki idona har na kasa gani. Surukar ta fita bakin titi ta tsayar da wani mai babur, suka ɗora ni da yarinyar, ba takalmi a ƙafata, zanen tsohuwar ne a kaina. Ita kuma ta biyo mu a baya.

A asibiti suka karɓi yarinyar da sauri, aka yi allurai, aka sa ƙarin ruwa. Nas ɗin ta yi mini faɗa sosai, me ya zaunar da ni a gida yarinya na cikin wannan hali. Gab da magariba sai ga maigidan ya shigo, duk jikinsa ƙura, an gaya masa a unguwa. Na miƙe ina kuka, don har ga Allah a lokacin so nake in jingina da wani. Ya dubi yarinyar a kan gado, ya matso kusa da ni, ya rage murya ya ce: “Wa ya ɗauko ki? Bayan wa kika hau?” Kukan ya tsaya mini cak. Na dube shi kamar ban taɓa ganinsa ba. Tsohuwar da ke zaune a kan tabarma ta ji shi. Ta ce: “Ɗana, ni na ɗora ta, ni kuma na sa aka fasa ƙofar. In ƙara za ka kai, ni za ka kai.” Ya juya ya fita waje.

Allah ya tashi kafaɗar yarinyar. Da aka sallame mu ban koma gidan ba, motar Safana na shiga. Da mahaifina ya ji zancen kwaɗo daga bakina, sai ya tambaye ni me ya yi mini da har zan ɓoye masa irin wannan. Ya ce shi mata ya ba shi, ba akuya ba da za a ɗaure a turke. Mahaifiyata kuwa ɗaki ta shige, sai da na bi ta ina ba ta haƙuri, don ta ɗora wa kanta laifin.

Bayan 'yan makonni suka zo biko, shi da baffanninsa. Aka zauna a zauren gidanmu, aka kira ni. Ya rame, ya yi baƙi, har na ji tausayinsa. Mahaifina ya kafa sharaɗi: ba kwaɗo, a buɗe taga, a mayar mini da waya, in zo gida duk lokacin da ya kamata. Ya amince da duka, ya rantse. Har an ɗaga hannu za a yi addu'a, sai ya ce yana da roƙo ɗaya. Tunda ga manya a zaune, in taimake shi in faɗi sunan mutumin nan, ko da a kunnen baffansa ne, don zuciyarsa ta huta. Na ga baffanninsa sun sunkuyar da kai. Babban cikinsu, dattijo mai farin gemu, shi ne ya juya ya ce masa ya sawwaƙe wa 'yar mutane, ciwon da ke damunsa ba ita ke da maganinsa ba. A nan zauren auren ya ƙare.

Yanzu ina gidanmu, ina taya mahaifiyata aikin mai, ina koyar da yara a wata islamiyya. Na nemi gafarar ƙanwata, ta ce ita ta manta. Yarinyar ta girma, tana da wayo, amma kunnenta ɗaya ba ya ji sosai, kuma magana ta yi mata nauyi. Ba zan ɓoye ba, har yau in na ga sa'o'inta suna zuba surutu, wani abu yakan tokare mini ƙirji, sai in yi ta istigfari. Uban yana aiko mata da abin da ya sawwaƙa. Na ji ya sake aure. Mutane sun zaci zan ji kishi, ni kuwa tsoro nake ji wa yarinyar da ya aura, ina yi mata addu'a.

Na koma rubutu, amma hannuna ya sauya. Ina kira ga 'yan'uwana marubuta mu ji tsoron Allah a kan yadda muke zana gidajen da ake tsare mata. Ko dai mu mayar da su aljanna, falo da labule da maigadi, mace na zaune tana ƙamshi, ko kuma mu yi wa baƙin cikin ado har mai karatu ya ji yana sha'awarsa. Namijin da ke hana matarsa numfashi muna ba shi kyau da dukiya, mu kira shi gwarzo, 'yan mata suna karantawa suna fatan samun irinsa. Ni ma na rubuta haka, na kuma karanta na yarda. 'Yan mata, kishin da ba ya jin rantsuwa, ba ya karɓar hujja, ba so ba ne, kuma ba ya raguwa don an yi masa biyayya. Iyaye, in kun je ganin 'yarku, kada ku tsaya a ɗakin ajiyar abinci, ku zaunar da ita ku tambaye ta. Maza kuma, addinin da kuke fakewa da shi bai ce a datse mai rai a bar shi da ciwo da gobara ba.

Roƙona na ƙarshe ga maƙwabta ne. In kun wuce wani gida kuka ga kwaɗo a waje, amma kuna jin daka ko kukan yaro a ciki, don Allah kada ku ce ba ruwanku. Ku tsaya ku yi sallama. Ko ba a amsa ba, gobe ku sake yi.